Gig nawa zai ishe ni ɗaukar waƙa a gida?

Wani ƙanenmu ne ya aiko da tambaya daga Gusau. Ya ce yana waƙoƙin biki, yana da fiyano ƙirar Yamaha da ya saya bara, kuma ya gaji da biyan kuɗin situdiyo a kan kowane ɗan gwaji, shi ya sa yake so ya mai da ɗakinsa na soro wurin ɗauka. Mai shago ya ajiye masa laftof biyu na hannu. Ɗaya Core i7 ce mai "memori" gig 1,000, ɗayar kuma Core i5 mai gig 256, kowace RAM ɗinta gig 8. Ya turo hoton lambobinsu: i7-7500U da i5-8350U. Wani abokinsa kuma ya ce masa in ba RAM gig 32 zai saya ba, gara ya bar kuɗinsa a aljihu. Wacce zai ɗauka, kuma gig nawa ne gaskiyar abin da aikin yake ci?

Ƙanena, ɗauki ta biyun, wato i5 ɗin. Ka sa a ƙara mata RAM ta kai gig 16 tun kana tsaye a shagon, abin da ya rage a hannunka kuma ka kai shi ga akwatin sauti, wanda mu a situdiyo muke cewa sawunkad. Na san ran ka na kan i7 ɗin nan, don bakwai ta fi biyar, dubu kuma ta fi ɗari biyu da hamsin. Bari in faɗa maka abin da ya sa lissafin ba haka yake tafiya ba.

Kalmar "memori" ita ta fara rikita mu. A waya mun saba kiran katin da muke zuba waƙoƙi da hotuna memori, sai muka ɗauko sunan muka yafa wa komai. A kwamfuta abu biyu ne mabambanta. Akwai wurin ajiya, shi ne rumbu: nan fayiloli suke kwana ko an kashe na'ura. Gig 1,000 da 256 ɗin da aka faɗa maka girman rumbu ne. Sai RAM, ita ce turmi: abin da ake dakawa yanzu-yanzu shi kaɗai ke cikinta, da an kashe kwamfuta an juye ta. Furosesa kuwa su ne masu dakan. To ka duba, in mudu biyu za ka daka, turmin da ke cin mudu uku ya ishe ka. Ka je ka sassaƙo mai cin mudu goma, dakan ba zai ƙara sauri da ko ƙiftawar ido ba, tunda masu taɓaren ba su canza ba. Matsalar ƙaramin turmi tana tasowa ne kawai ranar da hatsin ya fi ƙarfinsa, a riƙa kwashewa ana kai wa rumbu ana dawowa. Kwamfuta ma haka take yi: in RAM ta cika sai ta koma aron wuri a ma'ajiya, nan za ka ga komai ya yi nauyi, ka danna abu ka tsaya jira.

Mudu nawa ne aikinka? Murya ba ta da nauyin da mutane suke zato. Layi ɗaya na makirfo, in aka ɗauka a kan 24-bit da 44.1kHz, yana cin wajen megabayit 8 a minti guda. A ce waƙarka minti biyar ce, don na san ku masu waƙar biki ba ku gajarta baiti, sai an kira dangin ango da na amarya kaf. Muryarka layi uku, 'yan amshi layi takwas, sauran kiɗa da 'yan ƙawace-ƙawace, a ce duka layi talatin. Talatin sau biyar sau takwas, megabayit 1,200 ke nan, gig ɗaya da 'yan kai. Wannan ma in an ɗora shi gaba ɗaya a RAM ne. Manhajojin ɗaukar waƙa irin Cubase da Reaper ba su ma yin haka, daga ma'ajiya suke janyo sautin kaɗan-kaɗan yayin da waƙar ke tafiya. FL Studio ce ta saba ɗora guntayen sauti a RAM, ita ma akwai inda ake ce mata ta bar dogaye a ma'ajiya.

Ga kuma wata sa'a da kake da ita wadda abokinka bai lissafa ba. Kiɗanka daga fiyano yake fitowa. Irin Yamaha PSR ɗin da suka cika situdiyoyinmu, sautin ganga da sarewa da jita duk a cikin cikinsu ake haɗa shi, kwamfuta karɓa kawai take yi kamar yadda take karɓar murya. Nauyin da ya kamata ya hau kanta, fiyano ya riga ya ɗauke.

Masu cin RAM na gaskiya su ne kayan kiɗan da ke zaune a cikin kwamfutar, musamman tarin sautukan da ake buɗewa ta Kontakt. An je an ɗauki sautin goge na Turawa ko babban fiyano, kowane maɓalli an naɗe shi sau da yawa, da taushi da ƙarfi, dubban fayiloli. Kana buɗe kayan, sai a kwaso farkon kowane fayil a zuba a RAM don ya fita nan take in ka taɓa. Kaya ɗaya na iya cin rabin gig, wani ya haura gig guda. Mai yi wa fim kiɗan bango, wanda zai jera irin waɗannan ashirin ko talatin a aiki ɗaya, shi ne mutumin gig 32, wani lokacin ma 64. Abokinka ya ji magana ce a wurin irin waɗannan, ya ɗauko ta ya kawo maka ba tare da ya tambayi irin aikinka ba.

To me ya sa ban ce ka tsaya a gig 8 ba? Saboda ba kai kaɗai ne a turmin ba. Windows 11 da kanta, kafin ka buɗe komai, na saba ganin ta kwashe gig uku zuwa huɗu. Ka buɗe Chrome don ɗauko baitukan da aka turo maka ta WhatsApp, wani gig ɗin ya tafi. Abin da ya rage wa waƙa bai taka kara ya karya ba. Gig 8 za ta yi aiki, na yi shekaru a kanta, amma kullum kana rufe wannan don ka buɗe wancan. Gig 16 kuwa sai ka manta da zancen RAM gaba ɗaya, kuma ranar da ka fara sha'awar kayan kiɗan cikin kwamfuta irin Nexus ko wani ɗan Kontakt, akwai wuri.

Wani abu da ke ba ni dariya da tausayi a lokaci guda: na sha shiga situdiyo in tarar an zuba RAM gig 16, ana alfahari da ita, amma manhajar da ake aiki da ita tsohon Cubase 5 ne na 2009, irin mai 32-bit da ke yawo daga filashi zuwa filashi. Manhaja mai 32-bit ba ta iya taɓa abin da ya wuce gig 4, ko da ka cika kwamfutar da RAM har wuya. Sauran na zaune ne kawai. Don haka ka tabbata Windows ɗinka da manhajarka duk masu 64-bit ne. In kuɗin Cubase ko FL Studio na halak ya yi maka yawa yanzu, Reaper lasisinta dala 60 ne ga mai ƙaramin aiki, ba ta da nauyi, kuma ta fi maka kwanciyar hankali a kan kwafin sata da ba ka san abin da aka cusa a cikinsa ba.

Yanzu ga inda mafi yawan mutane suke ɗora wa RAM laifin da ba nata ba. Wata rana wata mai amshi ta shiga ɗakin ɗauka a wurina, ta sa hedifon, ta fara, ba ta kai ƙarshen layin farko ba ta cire shi ta riƙe a hannu. Ta leƙo ta gilashi ta ce, "Yaya, wai wa ke kwaikwayona a ciki?" Muryarta ce take dawo mata a makare, kamar mai kiran wani a cikin rijiya. Yaron da ke taya ni aiki nan da nan ya ce RAM ce ta cika. Na buɗe Task Manager na nuna masa, ko rabi ba ta kai ba. Daren jiya ne na yi haɗin wata waƙa na ɗaga bafa zuwa 1024, na tafi gida ban mayar ba.

Bafa ɗin nan shi ne ɗan kwanon da kwamfuta ke tara sauti a ciki kafin ta sarrafa shi. A kan 44.1kHz, bafa 128 jinkirin kusan kashi 3 ne cikin dubu na daƙiƙa, 256 kusan 6, 512 kusan 12, 1024 kuwa 23. Wannan shiga kaɗai ke nan, sai ka ninka don fita, ka ƙara ɗan abin da sawunkad ɗin ke ci. Sauti na tafiyar kamar santimita 34 a kowane kashi ɗaya cikin dubun nan, saboda haka jinkirin 10 daidai yake da ka tsaya mita uku da rabi daga sifika, kunne na haƙuri da wannan. Da ya doshi 40 ko 50, mawaƙi ya fara tuntuɓe da muryar kansa. Ka rage bafa jinkiri ya tafi, amma fa ka ƙara wa furosesa aiki, don yanzu dole ta gama kowane kwano cikin ɗan ƙanƙanin lokaci. In ta gaza, sai ka ji ƙaf-ƙaf-ƙaf a cikin sauti kamar ana taka busasshen ganye. Duk wannan tsakanin furosesa ne da sawunkad da direbansa na ASIO, wato 'yar manhajar da ke haɗa shi da kwamfuta. RAM ba ta ciki.

Akwatunan sauti irin Focusrite Scarlett ko Behringer UMC suna da maɓallin da ke mayar wa mawaƙi muryarsa kai tsaye ba tare da ta bi ta kwamfuta ba, jinkiri ya zama babu. Sai dai kai ma ka san halinmu. Mawaƙanmu da yawa ba su sakin jiki sai suna jin Auto-Tune da ɗan amon ɗaki a kunne yayin da suke rerawa, da shi suke gane inda za su karya murya. Wannan kuwa dole sai muryar ta shiga kwamfuta ta fito. Shi ya sa a irin waƙarmu ƙarfin furosesa ya fi yawan RAM muhimmanci nesa ba kusa ba. Al'adata ita ce 128 lokacin ɗauka, 512 ko 1024 lokacin haɗawa, kuma duk wani fulogin (ƙaramar manhajar gyaran sauti) mai nauyi da ke kan babban layin fita ina kashe shi sai an gama ɗauka, don wasunsu suna ƙara nasu jinkirin a ɓoye.

Mu dawo kan laftof ɗinka biyu. Sunan i5 ko i7 shi kaɗai ba ya gaya maka komai sai ka haɗa da zubin, abin da 'yan kasuwa ke cewa "jen". A irin waɗannan biyun, lambar farko bayan ɗan layin ita ce zubi: 7500U zubi na bakwai, 8350U na takwas. Tsakanin waɗannan biyun ne Intel ta yi wani babban tsalle a 2017. Har zuwa zubi na bakwai, furosesar laftof mai harafin U a ƙarshe masu daka biyu gare ta, ko da an rubuta mata i7. Daga na takwas, i5 ma ta koma huɗu. Wato i7 ɗin da ta ɗauke maka hankali mata biyu ne a bakin turmi, i5 ɗin kuwa lugude ne na mutum huɗu. Manhajar waƙa tana raba layuka a tsakaninsu, wannan ta ɗauki muryoyi, waccan ta ɗauki ganguna, don haka huɗun nan za ka ji su a jikinka ranar da layuka suka yi yawa. Abu ɗaya da ba ya rabuwa shi ne jerin fulogin da ke kan layi guda, dole ɗaya ya gama kafin na gaba ya karɓa. In ka jera goma a kan muryarka, mai daka ɗaya ka ɗora wa, sauran na kallo.

Akwai kuma maganar Windows. Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025, kuma Windows 11 a hukumance daga zubi na takwas take farawa, ban da 'yan ƙalilan. Masu gyara suna da dabarar cusa ta a tsohuwar na'ura, amma sabon mai saye bai kamata ya fara da dabara ba.

Gig 1,000 ɗin nan kuma, kusan na tabbata faifai ne mai juyawa, HDD, irin mai gudun 5,400 a minti. Yana karanta wajen megabayit 100 a daƙiƙa in fayil ɗin a jere yake, in kuwa ana tsinto ƙananan fayiloli nan da can, sai ya koma tafiyar hawainiya. Gig 256 ɗin kuwa ina zaton SSD ne, ma'ajiyar da ba ta juyawa. SSD na gama-gari yana yin 500, irin NVMe kuma dubbai, ba ya ƙara, ba ya tsoron girgiza. Gig 256 ya yi kaɗan, ban musa ba, in da hali a canza maka zuwa 512. Amma ƙaramin SSD ya fi babban HDD a wannan aiki. Ayyukan da ka gama sai ka riƙa kwashe su zuwa faifan waje, ka ajiye kwafi biyu. Na taɓa rasa waƙoƙin wani ango kwana uku kafin ɗaurin aure, ban so in tuna yadda muka ƙare.

Ranar saye kada ka yi sauri, ko a Gusau ne, ko ka shigo Kano Farm Centre, ko an aiko maka daga Computer Village ta Ikeja. Kunna ta da hannunka. Danna Ctrl da Shift da Esc tare, Task Manager zai buɗe, ka shiga Performance. Nan za ka ga ainihin sunan furosesa, ba abin da sitika ta ce ba, don sitika ana liƙa ta. A ɓangaren RAM akwai inda ake nuna ramuka nawa ne, nawa aka cika. Wannan shi ne abin da na fi so ka duba, saboda siraran laftof da yawa an narke RAM ɗinsu a jikin allo, yadda ka saya haka za ka mutu da ita. ThinkPad T480 da HP EliteBook 840 G5 da Dell Latitude 5490 duk ramuka biyu gare su, suna ɗaukar har gig 32, ka ga ko nan gaba aikinka ya girma ba sai ka canza na'ura ba. X1 Carbon kuwa, duk kyanta, a narke take. In akwai gig 8 a rami ɗaya, a sa maka wata 8 a ɗayan, guda biyu masu kai ɗaya sun fi guda ɗaya mai 16 sauri, don hanya biyu suke buɗewa. DDR4 waɗannan suke ci. DDR3 ta tsofaffin laftof irin HP Folio ba ta ma shiga ramin, tsagar ba wuri ɗaya take ba, kada wani ya ce zai danna maka ita.

Ka tafi da filashi mai ɗauke da 'yar manhajar LatencyMon, kyauta ce. Ka bar ta tana gudu minti goma kana hira da mai shago. Akwai laftof da komai nata ya yi kyau a takarda, amma wani direba, yawanci na Wi-Fi ko na batir, yana riƙe furosesa lokaci-lokaci, sauti ya riƙa tsinkewa ba dalili. Manhajar za ta gaya maka da jan rubutu in akwai irin wannan. Sannan ka gwada kowace kafar USB, don a nan sawunkad zai rayu.

Za a ce maka Mac. Gaskiya MacBook Air mai M1, ta ƙarshen 2020, abin mamaki ce a aikin sauti: ba ta da fanka sam, za ka iya ajiye ta kusa da makirfo, batirinta kuma yana wuni. Amma RAM ɗinta ba ta ƙaruwa har abada, yawancin na hannu da ke kasuwa masu gig 8 ne, kuma in ta lalace mai gyaranta ba a kowane lungu yake ba. Kwamfutar tebur ita ma ta fi arha a kan ƙarfi ɗaya, i5-8500 na cikin irin OptiPlex ko EliteDesk masu daka shida gare ta. Da a ce kana da sola da inbata tsayayyu da ita zan ce ka saya. In babu, ranar da Nepa ta ɗauke wuta ana tsakiyar baitin da mawaƙi ya sha wuya kafin ya samu, za ka gane darajar batirin laftof.

Tunda an zo maganar wuta, ga abin da takardun Turawa ba za su gaya maka ba. Zafin watan Afrilu a ɗakin soro, ƙofa a rufe, an kashe fanka don kada ƙararta ta shiga makirfo, laftof na kan katifa ko darduma ta toshe mata hanci. Furosesa in ta yi zafi da kanta take rage gudu don kada ta ƙone. Aikin da ya tafi lafiya da safe, da azahar sai ya fara ƙaf-ƙaf, kai kuma ka ce RAM. Ɗora ta a kan abu mai tauri, ka ɗaga bayanta da ɗan katako iska ta ratsa. Bayan kowane hunturu ka kai a buɗe a busa ƙurar da ta taru a fankarta, za ka ga abin da zai fito kamar audugar katifa, a sabunta man da ke kan furosesa. A saitin wuta na Windows kuma ka zaɓi mafi ƙarfi, har da lokacin da take kan batir, in ba haka ba kana cire caja za ta fara tsimi.

Dalilin da ya sa na ambaci batir shi ne, wata rana za ka ji wani zuuu ko tsiii siriri a ƙarƙashin murya, musamman in janareto ne ke ba da wuta ko cajar ba ta asali ba ce. Kafin ka zargi makirfo ko waya, zare cajar daga jikin laftof ɗin ka saurara. Sau da yawa shiru za ka ji. Ni dai har yau haka nake ɗaukar murya in muna kan inji: a cika batir, a zare caja, a ɗauki baitukan, sannan a mayar. Saboda haka a shagon ka buɗe Command Prompt ka rubuta powercfg /batteryreport, zai fitar da takardar da ke nuna ƙarfin batirin na asali da abin da ya rage masa yanzu. In ya faɗi ƙasa da rabi, a canza maka batir ko a rage maka kuɗinsa kafin ka ƙirga ko naira ɗaya.